Majalisar Ɗan Holan Ta Ƙi Mutuwa

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Alhaji Sabi'u, wanda duk Bahaushen da ya taɓa cin tuwo a unguwar Dengfeng ta birnin Guangzhou, a ƙasar Sin, ya fi sani da Ɗan Holan. Shekara bakwai ban ji an ambaci Amsterdam a kan kwanon miyar kuka ba, kuma wallahi miyar ta rage daɗi.

Ga wanda bai san shi ba, Bakano ne ɗan Fagge, dogo kamar an ja shi da igiya. Kafin ya zo Guangzhou ya taɓa zuwa Rotterdam ta ƙasar Holan sayo tsofaffin motoci. Sanyi ya kore shi daga titi, ya faɗa wani gidan tarihi don neman ɗumi kawai. Gangar jikinsa ta fito da yamma, amma hankalinsa yana can ciki har ya koma ga Allah. Ka tambaye shi farashin silifa, sai ka ji labarin yadda wata 'yar ƙasar da teku ke neman haɗiyewa ta cika tekunan duniya da jirage.

Abu biyu ne suka tafi da shi. Na farko, attajiran Holan na wancan zamani sun gaji da ganin jirgi ɗaya ya nutse ya tafi da gidan mutum ɗaya, sai suka haɗa jari, kowa da hannu a kowane jirgi. In ɗaya ya nutse kowa ya ji ɗan zafi, amma babu wanda ya durƙushe. Na biyu, a lokacin ba su da sarki. Larduna ne ke zama, kowanne da murya ɗaya, kuma babban al'amari ba ya wucewa sai kowa ya yarda. Yakan ja mu bakin kogin garin nan ya nuna ruwa ya ce a nan suka yi ta zuwa sayen ganyen shayi da tangaran, mai shagon wancan zamani yana ce musu “meyo”, wato babu, kamar yadda jikansa ke ce mana yau.

Baba Awudu na Kumasi ba ya ƙyale shi. “Alhaji, ka biyo ni ƙasarmu in kai ka bakin teku, ka ga ɗakunan da mutanen naka suka riƙa tara bayi.”

Bai taɓa musawa ba. Shi ma yakan ƙara da cewa sare bishiyoyin kanumfari suka yi ta yi a tsibiran mutane don kada farashi ya faɗi. “Azzalumai ne, Baba. Dabarar nake so mu ɗauka, mu bar musu zunubin.”

Dabarar kuwa ya ɗauko. Ya tara mu, ƙananan 'yan kasuwa da ba ma iya cika kwantena, ya ce mu riƙa haɗa kaya, kada kowa ya zuba nasa duka a kwantena guda, kuma duk wadda ta samu matsala a raba asarar kan kowa. Ya kafa majalisa mai kujeru huɗu: Kano, Maraɗi, Yamai da Kumasi. Babu shugaba. Kowane gari murya ɗaya, kuma sai duka huɗun sun yarda. Mu Kanawa, da muka fi tururuwa yawa, muka yi ta ƙorafin an daidaita mu da Malam Isufu na Maraɗi da mutanensa da ba su cika tasi ba. Shawarar ko ta Legas za a bi ko ta Kwatano mun fara ta gemuna baƙi ƙirin, muka gama da furfura. Malam Isufu zai saurare ka har yawunka ya ƙafe, sannan ya kurɓi shayi ya ce, “Ba dakor ba.” Wato bai yarda ba, da guntun Faransancinsa. Shi ke nan, a koma farko.

Mun yi ta dariyar abin har shekarar da ruwa ya shiga wata kwantenarmu a hanya. Mafi yawan abin da ya lalace atamfofin wata Hajiya ce 'yar Yamai, wadda jarinta duka bai wuce 'yan diloli ba. Atamfar ma irin wadda Sinawa ke kwaikwayon 'yar Holan ce, abin da Alhaji ya ce bai zama laifi ba tunda su ma zanen mutanen tsibirin Java suka kwaikwaya. Aka raba asarar, kowa ya yi tsaki ya ɗauki rabonsa. Matar nan ta sake zuwa sari a shekara ta gaba. Daga ranar na daina yi masa ba'a a bayan ido, na koma yi a gabansa kawai.

Da zai leƙo yau, ban san ta ina zan fara masa bayani ba. Annoba ta watsa mu, da yawa ba su dawo ba. Gidajen abincin da muke zama wasu sun koma shagon waya. Wanda ke Kantin Kwari yana kwance a kan dila zai zaɓi kaya ta waya, Basine ya turo masa har ƙofa, in ma ba shi ne maƙwabcin shagonsa ba. Matasan da suka rage suna can unguwar Tianhe, kowa da ejen ɗinsa mai haɗa kaya cikin sauri da rahusa. In kayanka sun jiƙe, naka ne kai kaɗai, sai dai a turo maka hoton fuska mai hawaye. Na yi wa ɗayansu bayanin raba asara, ya dube ni da ladabi ya ce, “Baba, in nawa sun isa lafiya, me ya haɗa ni da na wani?” Na buɗe baki in kawo masa labarin Amsterdam, na ga ba ni da tsayin Alhaji, na rufe.

Akwai ƙarshen labarin da marigayin ba ya son kaiwa. Babban kamfanin da 'yan Holan suka kafa da haɗin jarin nan shi ma ruɓewa ya yi daga ciki ya mutu. In aka zo nan sai ya tuna bai yi la'asar ba.

Kwantenarmu ta ƙarshe tana sito a hanyar tashar jiragen ruwa ta Nansha, ko rabi ba ta kai ba, masu kayan ciki suna ta kira don salla na matsowa. A watan jiya muka zauna mu rushe majalisar, kowa ya kwashe nasa ya kai wa ejen. Ni ke riƙe da kujerar Kano yanzu, na yarda. Yamai ta yarda. Baba Awudu ya share ido ya yarda. Saura Maraɗi. Malam Isufu ya koma gida tuni da ciwon ido, ya bar kasuwa, amma babu Bamaraɗen da ya karɓi kujerar, don haka tasa ce. Muka kira shi, muka ajiye wayar a tsakiyar tebur. Ya saurare ni har na gama. Muka ji kurɓar shayi.

“Ba dakor ba.”

Na ce, “Malam, kana da kayan da za ka zuba ne?”

“Ko kwali ɗaya babu.”

“To me za mu tura?”

“Ku tura ta haka, Alhajin Kano. In ta nutse mu raba.”

Babu wanda ya yi dariya, har ni da ake cewa ko a makabarta sai na nemo abin dariya. Dokar Ɗan Holan ce, ba mu da ikon tsallake ta. Masu kaya sun zo sun kwashe nasu ɗaya bayan ɗaya, ban hana kowa ba, don nawa ma suna hannun ejen. Majalisa tana nan da ranta, ba ta da kwali ko ɗaya.

Na yi ta auna abin da ya rage na mutumin nan. 'Yan Holan sun bar wa duniya hannun jari, sun bar suna a jikin atamfar lefe, sun bar waɗancan ɗakuna na bakin teku. Alhaji Sabi'u ya bar dattawa huɗu da suka kasa haɗa baki su binne abin da ya riga ya mutu. Ya kuma bar mini wata ɗabi'a marar amfani: in na ji kayan wani sun lalace a hanya, sai in tsaya ina jiran a kira ni a gaya mini rabona. Ba a kira.

Allah ya jiƙanka, Alhaji, ya sa ka a inda ba a asara balle a raba.