Saiwar Jemar Malam Iro

Bari in fara da tona wa kaina asiri: ni Ɗanlami, da furfurata, ni na kashe hanyar kurmi. Yau shekara bakwai da rasuwar aminina Malam Iro masinja, sai yanzu bakina ya iya faɗa.

Hanyar ta ratsa kurmin da ke bayan Kurmin Mashi ta nufi gonaki. Kowa ita yake bi: masu keke, mata masu itace, Fulani da shanunsu. Duk damina ruwa sai ya ƙwaƙule ta. Iro ne ya riƙa tara mu gayya ran Lahadi, ba wanda ya sa shi. Mu kafa turaku, mu jera duwatsu, shi kuma ya bi gefe yana dasa ciyawar jema. Ya ce saiwarta ce ke riƙe ƙasa. Ni da karatuna ya tsaya a aji biyu na yaƙi da jahilci, abin da na sani game da saiwar jema ɗaya ne: tana sa ruwan randa ƙamshi.

Na tono kaɗan na kai wa uwargida. Ta yaba. Maƙwabta suka yaba, suka ce a samo musu. Ni kuwa a yabe ni, ko rijiya sai in faɗa. Kafin ruwan farko na ƙwaƙule inda hanyar ta fi gangara, na mayar da ganyen na soke a ƙasa kamar ba a taɓa ba.

Ruwa uku aka yi, wurin ya zama kwazazzabo. Muka zuba duwatsu, ruwa ya kwashe. Muka sake, ya sake. Iro bai ga wata daminar ba.

Jiya na je. Ramin ya fi tsayina, matan itace sai sun yi dogon zagaye ta bakin titi. Na kira gayya sau biyu, mutum uku suka zo, dukanmu masu ciwon baya. Da Iro zai leƙo, na san hula zai cire ya nemi dutse. Ni tsayawa kawai na yi.

Abin da ya rage nasa tushen jema biyar ne can sama, inda hannuna bai kai ba. Nan ƙasar ba ta motsa ba.

A waccan daminar, bayan ruwan nan na uku, Iro ya zo gidana, aka kawo masa ruwa a moɗa. Ya kurɓa, ya daɗe yana kallona, ya ce, “Ɗanlami, ruwan gidanka da ƙamshi. Hanyarmu nake sha ko?”