Mutumin da Muka Sa wa Suna Sai-an-tura

Sai da na zauna zan yi wannan rubutu na tarar ban san sunan mahaifinsa ba. Shekara da shekaru ina wucewa ta gaban rumfarsa a tashar motar Haɗeja, ina ɗaga masa hannu kamar mai korar ƙuda, amma sai da na aika aka tambayo mini. Bakari Zarami ne, mai gyaran wayar mota. Mu dai Sai-an-tura muke ce masa, kuma da yake yana amsawa, sai muka ɗauka yana so.

Ana sallame asuba yake zuwa, ya share rumfa, ya ɗora ruwa a wuta. Ba na shayi ba ne. Ruwan zafi da kanwa yake wanke kawunan batir da su idan sun yi farin gari. Kayan aikinsa ba su cika jaka ba: sifana, filaya, da wani ƙwan fitila mai waya biyu da yake bin wuta da shi. Direba zai zo yana haki, ya ce, "Malam Bakari, batir ya mutu." Shi kuwa sai ya ce, "Allah ya ji ƙansa. Kai ka yi masa wanka?" Sannan ya yi bayani. Batir randa ce, dainamo ne mai ɗebo mata ruwa. In ka tarar da randa a bushe ba fasa ta za ka yi ba, mai ɗebo ruwa za ka tuhuma. Sai ya sa a tayar da mota, a kunna fitila, a taka totur. In haske ya ƙaru, dainamo na zubawa. In ya tsaya jajir kamar idon mai masassara, sai ya bi sawu: bel, burushin cikin dainamo, ko wayar da ɓera ya ci, don motocin kifi ba sa rabo da ɓera.

Ga yadda sunan ya samo asali. Wata damina, ba a daɗe da samun 'yancin kai ba, ruwa ya shafe fadama. Direbobinmu suna da dabara: kafin su tsunduma cikin ruwa sai su cire bel ɗin fanka, don kada fanka ta watsa wa inji ruwa, in sun haye su mayar. To wannan bel ɗin shi ne ke juya dainamo. Wanda ya mayar da shi a sake, ya raba randa da mai ɗebo ruwa, bai sani ba.

Ranar da abin ya faru ina cikin motar Alhaji Garba, mun taso daga Kirikasamma, Gambo ne direba. Bayan mota maƙil da ɗanyen kifin wata 'yar kasuwa, Gumsu. Mun kusa gida, rana ta take, mota ta yi tari ta mutu. Aka murza makulli, ƙis, shi ke nan. Muka tura, muka tura. Ni gudummawata shawara ce, ina daga inuwa. Gambo ya share gumi ya ce ai satin da ya wuce Bakari ya gyara dainamon.

Wani mai keke ya kai labari. Can sai ga Bakari da nasa keken, ya ɗauro batir a baya, rigarsa sharkaf. Kifi ya riga ya fara sanar da kansa. Gumsu ta tare shi tun bai kafe keke ba.

"Sannu da zuwa, gwani! Kifin nan kai za ka ci shi, da kai da iyalinka!"

"Yi haƙuri, Yaya Gumsu, bari in duba."

"Duban da ka yi wancan satin fa? Wannan gyaran naka ai sai an tura!"

Muka fashe da dariya, muka kuma ɗora namu, kowa da maganarsa. Ya buɗe gaban mota, ya danna wani abu da babban yatsa, ya ja sifana, ya ɗaura batir ɗinsa. Mota ta tashi. Ni ban ji ya ce uffan ba. Rabin kifin ya lalace, kuma kafin magariba sunan ya riga mu shiga kasuwa.

Abin da ke ciyar da mai gyara sunansa ne. Alhaji Garba ya janye motocinsa, sauran masu motoci suka bi, aka koma kai dainamo har Kano. Bakari ya rage da waɗanda ba su da ƙarfin zuwa Kano. Su ne suke ba da labarin yadda ya hana su sayen sabon batir, yadda yake bin mota cikin laka har garin Malam Madori. Muna ji, mu ce, "Af, Sai-an-tura ke nan."

Yanzu kuɗin man fetur sun shigo ƙasa, tasha ta cika da sababbin motoci, hannun Bakari kuma ya fara rawa. Ya ce zai koma gonarsa a Miga. Direbobi suka haɗa masa 'yar walima ranar Juma'ar da ta wuce. Ana cikin cin shinkafa Gambo ya miƙe, furfura ta cika masa kai, ya ce yana da magana. Shi ya cire bel a mashigi, shi ya mayar a sake, kwana da kwanaki yana yawo a haka. Dainamon lafiyarsa ƙalau. Da Alhaji ya sani, da ranar ya karɓe makulli, ga shi lokacin matarsa ta haihu. Ya ce, "Malam Bakari ya gani da yatsansa, ya rufa mini asiri. Ku yafe ni." Ban taɓa ganin shinkafa ta yi wa jama'a wuyar haɗiya kamar ranar ba.

Malam Bakari, kai ne ka ɗauki laifin wani ka goya, har ya girma a bayanka. Kai ne muka yi wa dariya a gaban kifin da kai ka ceci rabinsa. Bango madafar direbobi, mun gode. Ba mu da bakin da za mu faɗa da kyau, don bakin da muka yi maka suna da shi ne, amma mun gode. Allah ya ba gonarka albarka, ya sa ruwa ya tsaya a bakin kunya. Ku kuma samarin da kuke koyon gyara, ku je Miga ku tambaye shi tun yana da ƙarfin amsawa. Ku koyi bin wuta daga tushe, ku koyi kame baki don rufin asirin ɗan'uwa.

Kafin in aika da wannan rubutu na kai masa rumfa na karanta masa, yana ɗaure kayansa. Ya saurara har ƙarshe, ya ce ya yi daɗi, sai dai akwai gyara ɗaya. Shi bai rufa wa kowa asiri ba. A bakin hanyar nan ya faɗa da ƙarfi cewa bel ne ya sake, ya kuma maimaita. Muna ta dariya, ba wanda ya ji.