Yatsun Goggo a hoton satifika

Innarmu tana haɗa man shafa da man kaɗanya, da kajiji, da ɗan kanumfari. Fata ta yi laushi, ƙamshin ya wuni a jiki. Amma duk sabon haɗi sai ta ɗiga mana shi a bayan kunne ta jira kwana biyu, in bai yi ja ba sannan a shafa.

Shekarar da zan yi jarrabawar satifika a lakwal ɗin Tsarnawa, makarantarmu ta boko, mushe malaminmu ya ce mai hoto zai zo daga Konni ranar Asabar, hoto ɗaya kowa, shi za a manna a takarda. Inna ta tafi Dogarawa jinya, ta bar mu a hannun Goggo, ƙanwar Baba, wadda ba ta taɓa yarda akwai abin da ba ta iya ba.

Ranar Laraba ta shinshina man Inna ta taɓe baki. Ta kankare ɓawon lemun tsami ta zuba, ta matse ruwan a kai.

Na ce, "Goggo, Inna tana gwadawa bayan kunne tukuna."

"Kunne za a ɗauka hoto ko huska? Taho nan, ɗiyag ga!"

Ta lakato, ta shafa mini a kumatu, ko murzawa ba ta yi ba, ta ɗora mini ƙwaryar fura in kai gona da rana tsaka.

Washegari kuncina ya yi ja yana raɗaɗi. Ranar Juma'a ya yi ƙuraje masu ruwa. Ranar Asabar layi huɗu suka fito baƙi ƙirin, daidai yatsunta. Na yi kuka har na gaji, haushi kamar ya kashe ni. Likitan Konni daga baya ya ce lemun tsami da rana ba sa haɗuwa a fata, tabon zai ɓace. Ya ɓace kuwa bayan wata biyar, amma mai hoto bai jira ba.

Duk buro, wato ofis, da na miƙa takardar nan, sai an ɗago an tambaye ni wa ya mare ni.

Goggo da ta ga hoton, ta juya shi ta sake juyawa, ta ce, "Mai hoton ga bai iya aiki ba."