Fansar Maƙwabcina Tela

Shekara ashirin da biyu ke nan ina ba da hayar littattafai a shago ɗaya, don haka in mutum ya shigo, kafin ya buɗe baki na san kantar da zai nufa. 'Yan mata su yi hagu wajen na soyayya. Tsofaffin malaman makaranta su tsaya gaban na tarihi suna gyaran murya, su karanta rabi a tsaye su tafi. Amma littattafan da suka fi kowanne yagewa suna kan kantar bayan ƙofa, su ne na ɗaukar fansa: irin labaran nan da za a wulaƙanta mutum a shafi na biyar, ya haɗiye, ya yi shekaru yana yi wa maƙiyinsa murmushi yana haƙa masa rami a hankali, sai a shafin ƙarshe ya zaunar da shi ya ce masa, "Ka tuna ni?"

Kada ka zaci mugaye ne ke karanta su. Ban taɓa ganin mafaɗaci ya ɗauki ko ɗaya ba. Shi in an taɓa shi, nan take yake wanke mutum tas, ya wuce harkarsa. Masu karanta su su ne masu cewa "ba komai". Masinjan ofis da ake kira da "kai" ga furfura a kansa. Ma'aikaciyar jinya da likita ke yi wa tsawa gaban marasa lafiya. Sukan zo su ɗauka, su ga wani ya rama musu a takarda, zuciyarsu ta yi sanyi, su dawo mini da littafina su koma bakin aikinsu. Ban ga laifinsu ba, don sun san labari ne.

Mutum ɗaya ne bai san cewa labari ne ba, shi ne maƙwabcina tela.

Bango ɗaya ya raba shagona da nasa, bangon ma na katako, ko atishawa ya yi sai na ji. Su biyu ne wajen iyayensu, shi da ƙaninsa. Uban ya rasu da wuri, shi ya hau keken ɗinki ya riƙe gidan, har ƙanin ya girma ya koyi tuƙi. Hannun telan yana da kyau, wannan ba zan hana shi ba; in ya kafa wa riga wuya sai ka rantse da shi aka haife ta. Amma nawa gare shi kamar me. Ka kai masa yadi yau, ya zana shi da alli, ya rataye, shi ke nan an shiga layin "gobe". A bayan idonsa duk layinmu Sai-Gobe ake ce masa, a gabansa kuma Malam Tela.

Abin da ya haɗa shi da ƙaninsa, in na faɗa maka sai ka ce raina maka hankali nake. Ranar da ƙanin ya samu aikin tuƙa motar makaranta, dangi suka taru a gidan gwaggonsu cin abinci. Direban ya zo da sabuwar riga, hannun dama an kalmashe, na hagu an kama shi da fil. Gwaggo ta tambaya, sai ya ɗaga hannun sama ya ce, "Aikin Yaya ne. Ai Yaya ko likkafaninsa aka ba shi ya ɗinka, sai dai a ɗaga jana'izar." Ɗaki ya kwashe da dariya. Shi ke nan laifin, ba ƙari ba ragi.

Washegari tela ya shigo shagona, mutumin da ko jarida ban taɓa gani a hannunsa ba. Ya wuce bayan ƙofa ya zaro ɗaya. Bayan kwana biyu ya dawo ya ɗauki wani. Mai shekara bai gama wando ba, sai ga shi yana cinye shafi ɗari huɗu kafin mako ya zagayo. Kuma ba karatun mutane yake yi ba, da fensir yake yi. Yana ja wa dabaru layi a ƙasa kamar ɗalibin da zai shiga jarrabawa. Na yi faɗa har na gaji.

"Malam Tela, littafina ne ko takardar awonka?"

"Maƙwabciya, ba ki gane ba," in ji shi, ya rage murya, alhali ba kowa a shagon sai mu biyu. "Waɗanda suka iya ba sa faɗa. Jikin mutum za ka shiga, ka zama ba shi da kamarka, ya jingina da kai da dukkan nauyinsa. Sannan ka zame."

"Wa za ka zame wa?"

Ya nuna titi da haɓa, inda motar makaranta ke wucewa.

"A kan hannun riga?"

"Ba hannun riga ba ne. Matata ma ta yi dariya."

Na dube shi, na ga da gaske yake, takaici ya kama ni. Namiji mai shekara arba'in da ɗoriya, ya kasa kiran ƙaninsa gefe ya ce "ka ɓata mini rai", magana wadda ba ta kai minti ɗaya ba, amma ya iya zama ya tsara shirin shekaru.

To, ka ji yadda fansar ta kasance. Kayan direba suka daina kwana a rataye. Ya kawo da safe, ya karɓa da yamma a goge. Ƙarfe uku, in ya gama sauke yara, yakan ajiye motar a gindin bishiyar layinmu ya shigo shagon yayansa, ya tarar da shayi a kan ɗan risho, da kofi biyu, da bencin da aka share masa ƙyallaye. Rufin ɗakin direba ya yi yoyo, tela ya hau da kansa da guduma, shi da tsani ke ba tsoro. Matar direba ta fara naƙuda mijin yana hanya, tela ya kai ta asibiti ya tsaya har aka sauka. Kayan makarantar yaran direba uku, daga na farko har na auta, ba su taɓa sanin hannun wani tela ba. Kuma duk lokacin da ya yi ɗaya daga cikin waɗannan, sai ya leƙo shagona ya kashe mini ido ɗaya ya ce, "Ya ƙara shigowa hannu."

A cikin shekarun nan matarsa ta rasu, wadda dariyarta ce ta tayar da duk wannan. 'Yarsa ɗaya tilo ta yi aure ta bi mijinta nesa. Wa ya zauna da shi kwana da kwanaki yana lallashinsa ya ci abinci? Maƙiyin nan nasa. Ni kuwa ta bangon katako ina jin su kullum ƙarfe uku, suna gardamar ƙwallo, suna tuna tsiyar da suka yi wa mahaifiyarsu suna yara, tela yana dariya har da tari. Wata rana na ce masa, "Malam Tela, wannan dariyar da nake ji ba ta shiri ba ce. Ka rufa wa kanka asiri ka bar maganar nan, ka ci riba." Ya yi mini wani kallo na tausayi, wai ni ce ban san kan labari ba. Ya ce gwani shi ne wanda ko maƙwabta ba sa gane wasansa.

Shekara goma sha ɗaya ana haka, sai ciwon ciki ya kayar da direba, aka ce sai an yi masa aiki. Ranar jajiberin aikin na rufe shago da la'asar na bi tela dubiya. Ɗaki ne mai gado takwas, warin magani ko'ina, matar direba tana zaune a kan kujerar roba tana yi masa fifita. Ya rame har wuyansa ya fito. Da ya ga yayansa sai ya miƙo hannu ya kama nasa ya riƙe.

"Yaya, in ban tashi ba, yaran nan suna hannunka. Ba ni da kowa sai kai. Abin da ka yi mini ko Baba yana da rai iyakarsa ke nan."

Na dubi fuskar tela. Na san wannan kallon, na gan shi a kan littafi sau ɗari. An zo shafin ƙarshe. Na taka masa ƙafa da ƙarfi, ko a jikinsa. Ya zare hannunsa, ya miƙe tsaye, ya ɓalle maɓallin wuyansa ya sake maƙala shi, ya yi magana da wata murya wadda ba tasa ba.

"Ka tuna ranar hannun riga?"

"Wane hannun riga, Yaya?"

Bai tuna ba. Wallahi bai tuna ba. Dole sai da sakaran nan ya tsaya a tsakiyar ɗakin marasa lafiya ya ba da labarin tun daga farko, har da fil, har da likkafani. Wani tsoho a gadon kusa ya ji maganar ɗaga jana'iza, ya yi dariya ya riƙe ɗinkin cikinsa. Ko wannan bai farkar da tela ba. Ya haddace jawabinsa, kuma sai ya kai aya.

"Duk abin da ka ga na yi maka tun daga ranar, shiri ne. So nake ka jingina da ni, ka san yadda ake ji in an zame. Yau ka sani."

Direba ya dube shi. Bai yi kuka ba, bai roƙi gafara ba, ba ko ɗaya daga abin da ake yi a littafi. Ya ce kawai, a hankali, "Har shayin?"

Nan ne ya kamata tela ya durƙusa. Amma ya riga ya hau, kunyar sauka ta hana shi.

"Har shayin."

Direba ya juya fuskarsa bango. Matarsa ta ajiye mafici ta ce, "Yaya, don Allah ka fita." A hanyar dawowa tela yana ta satar kallona, yana jiran in ce ya burge.

Aiki ya yi kyau, direba ya tashi. Tela ya zauna jiran ramuwa, har da ɗan ɗoki, don a karatunsa wanda aka yi wa haka ba ya bari. Ba abin da ya zo. Direba bai kai ƙara wajen gwaggo ba, bai hana yaransa gaishe shi ba. In motar makaranta ta zo wucewa yakan ɗaga masa hannu yadda yake ɗaga wa mai gyaran taya, ya wuce, ba ya tsayawa a gindin bishiya. Ƙarfe uku sai in ji shagon tsit, sai ƙarar keke jefi-jefi. Littafin ƙarshe da ya ɗauka ya dawo mini da shi ba layin fensir ko ɗaya, bai kuma ɗauki wani ba.

Ciwon ya rage wa direba jiki, tsofaffin kayansa suka yi masa yawa. Ranar wata Asabar muka gan shi da yadi a hannu ya shiga shagon wani tela da ke tsallaken titi, daidai saitin namu. Bayan mako ɗaya ya fito sanye da sabuwar riga mai ruwan toka. Maƙwabcina yana tsaye a ƙofar shagona, tef ɗin awo a wuya, ya bi shi da ido har ya kai kwana.

"Maƙwabciya, dubi bayan rigar nan," ya ce. "Ta tattare. Kafaɗarsa ta hagu ta fi ta dama sauka, tun yana yaro da ya faɗo daga katanga. Sai an rage mata rabin inci. Wancan bai sani ba."

"To, ka tsallaka ka gaya masa mana," na ce.

Ya sauko daga dakalin, ya yi taku biyu zuwa titi, ya tsaya mota ta wuce. Titin ya zama fayau, ba kowa. Ya daɗe a tsaye a wurin, sannan ya juyo ya koma shagonsa.