Kaset ɗin Inna da Jitar Yaya Bala

A wannan makon Yaya Bala ya cika shekara goma sha huɗu da rasuwa, Allah ya jiƙansa, kuma har yau haushinsa nake ji. Na san ba haka ake buɗe irin wannan rubutu ba. An saba a ce marigayi mutum ne mai haƙuri, mai zumunci, wanda bai taɓa ɓata wa kowa rai ba. Zumunci kam yana da shi, ko maƙiyinsa zai shaida. Amma ni ya ɓata mini rai, ɓaci na gaske, kuma a kan kiɗan jita.

Shi ne babba a ɗakinmu, ni ne auta. A shekarun nan da kuɗin man fetur ya ɓarke, gwamnati na ta kwasar matasa tana turawa karatu waje, ya riga ni zuwa Landan da shekara uku yana karatun safiyo, ni kuma na bi sahu. Muka zauna tare a wani ƙaramin flat a Tottenham, saman shagon wani mai wanki, kullum da safe mu hau bas zuwa makaranta a Aldwych muna rawar ɗari. Alawus ɗinmu a lokacin ba laifi, kowa da abin da kuɗin ya ja shi gare shi. Wasu kwat, wasu takalmi mai tudu, wasu gashi suka tara kamar kwando. Shi Yaya rikoda ya saya, ƙarama mai maɗauri.

Abin takaicin, ba waƙa yake so ba kamar sauran mutane. Abin da yake bi shi ne wurin nan da mawaƙi ke yin shiru ya bar mai jita shi kaɗai yana ta fama, abin da suke kira solo. Na cikin faifai ma ba ya burge shi, wai kiɗa ne da aka yi wa wanka da guga. Sai na kan dandamali, a gaban jama'a, inda makaɗi zai iya yin kuskure ya gyara kowa na ji. To ɗaukar kiɗa a irin waɗannan wurare haramun ne a wurinsu, don haka sai ya zuba babbar riga, wadda ba ya sawa sai Juma'a idan za mu masallacin Regent's Park, ya rataya rikodar a ƙarƙashi. Masu tsaron ƙofa su ga zabgegen baƙin mutum cikin shadda har ƙasa, su ɗauka ɗan sarkin mai ne, su kauce masa da ladabi. Ya shige ya tsaya, yatsa a kan maɓalli. Mawaƙi na rufe baki ya danna, yana buɗewa ya kashe.

Haka ya tara kaset sun fi a ƙirga, babu wanda yake da kai ko gindi. Yana da gwanayensa: wani siririn Bature da ke rufe ido ya yi minti ashirin bai waiwayi kowa ba, da wani mai sa jita ta yi ƙara kamar ana yanka ta. Ina tsakiyar karatun jarrabawa zai faɗo ɗakina. "Auta, ajiye littafin nan ka saurara. Nan, nan! Ka ji yadda ya ja tsirkiyar? Wallahi wannan goge ne ya tsallaka teku." In ce, "Yaya, gobe ina da exam." Ya ce ai minti biyu ne, ya mayar da kaset baya sau shida.

Duk wannan da sauƙi. Ga inda gizo ke saƙar.

Innarmu ba ta yi boko ba, kuma ba ta son mai rubuta wasiƙa ya ji cikinta. Saboda haka muka aika mata da rikoda a Malumfashi. Takan shiga ɗaki ta rufe ƙofa ta yi wa kowannenmu maganarsa daban. Idan ta gama, Kawu Sule ya ɓalle 'yan haƙoran nan na bayan kaset don kada wani ya ɗauki abu a kai, ya rubuta suna da ajami, a haɗa da kilishi da daddawa a ba duk wanda zai taho. Mu kuma idan mun saurara mun ƙoshi, sai mu liƙe ramukan da salatif mu ɗora amsarmu a kai mu mayar mata. Shi ya sa ba mu taɓa ajiye muryarta ba. Wa ya yi tunanin ajiyewa? Ƙa'idar dai ɗaya ce, ba a taɓa kaset sai mai shi ya ji.

Wata Juma'a wani ma'aikaci da ya zo sayayya daga gida ya miƙa wa Yaya saƙo a bakin masallaci. Kaset ɗaya ne, da sunana. Ni kuwa makaranta ta kai mu wani gari, sai Litinin zan dawo. Ranar Lahadi da la'asar wani tsohon baƙar fata daga Amurka, makaɗin jita mai irin kiɗan nan nasu da ake kira blues, zai yi wasa a wani ƙaramin zaure a arewacin gari. Yaya ya duba bai da sabon kaset, kuma a Landan ta wancan zamani shaguna a rufe suke ruf ranar Lahadi. Yana da kaset cike da kwali, amma duk cikinsu babu wanda ransa ya yarda ya sadaukar. Sai ya ɗauki nawa ya nemo salatif.

Da na dawo na sa kaset, na ji sallamar Inna, sai jita ta ɗauka. Na fito falo na tare Yaya. Ko kunya babu ya ce, "Na saurara maka ai. Gaisuwa ce kawai, ta ce ka dage da karatu." Na ce, "Yaya, minti ashirin tana cewa in dage da karatu?" Ya ce, "Haba Auta, Inna za ta aiko wani. Wannan tsohon fa ba zai sake zuwa ba." Wani kaset ɗin bai ƙara zuwa ba. Bayan wata biyu aka buga mana waya cewa Inna ta rasu, har an yi mata sutura.

Shekara da shekaru ina tambayarsa me ta ce, kuma bai taɓa ba ni amsa iri ɗaya sau biyu ba. Yau maganar aure ce, gobe ta gona, jibi wai addu'a ce zalla. Muka yi aure, muka haihu, muka yi furfura a nan Landan, yana yi mini alheri iri-iri kamar mai neman toshe rami, ni ina karɓa ina godiya ina kuma tambaya. Sai a gadon asibiti, ana saura kwana uku ya cika, ya riƙe hannuna ya ce, "Auta, ban saurara ba. Sauri nake yi kada in makara. Ka yafe mini." Me za ka ce wa mutumin da aka zura wa roba a hanci? Na ce na yafe, na fita baranda na yi kuka, rabi na tausayi rabi na takaici.

Kwanan baya 'yarsa Hadiza ta zo gaishe ni. A nan aka haife ta, tana jin Hausa sarai amma da Turanci take amsawa. Ta ɗauko wayarta ta nuna mini gwanayen babanta ɗaya bayan ɗaya, ga hoto ga sauti tangaran, ba layi, ba sanyi, ba babbar riga. Na yi ta tunanin me zai ce da ya ga wannan. Na san shi, cewa zai yi kiɗan da ba ka sha wuya a kansa ba ba ya shiga jiki. Kuma zai fi kowa tsine wa yaran nan masu ɗaga waya sama a wurin wasa, alhali shi ne kakansu a sana'ar. Ni abin da ya ƙona mini rai daban ne. Abin da ya bi dare da rana yana tarawa ga shi yau a banza a aljihun kowa, abin da ya goge kuwa babu shi a wayar kowa.

Hadiza ta nemi wasan tsohon nan na ranar Lahadi ba ta samu ba. Da alama babu wanda ya ɗauka sai babanta. Ta yi ta murna, ta ce, "Baffa, ka ba ni in yi uploading a intanet, duniya ta ji." Na ce mata ba yanzu ba, idan na mutu ta ɗauka.

Gaskiyar da ban taɓa faɗa masa ba ita ce, babu abin da na saurara a rayuwata kamar wannan kaset. Da fari kunne nake mannawa jikin rikoda ko zan tsinci muryar Inna a ƙarƙashin kiɗan. Ba ta nan. Amma a garin nemanta na haddace kiɗan tsohon nan kaf. Na san inda yake farawa a hankali kamar mai neman hanya, da inda ya riƙe tsirkiya ɗaya ya ƙi saki har wata mata ta yi ihu, da inda yatsansa ya zame ya yi 'yar dariya ya ci gaba. Ina jin numfashin Yaya ma, don rikodar a ƙirjinsa take. Kiɗan yana da kyau, kuma wannan shi ne abin da ya fi ba ni haushi. Mutumin nan ya yi mini ɓarna, sannan ya tilasta mini son abin da ya yi ɓarnar da shi.

To abin da ya rage mini na mutum biyu ke nan a zare ɗaya. Tsoho na gamawa ana fara tafi, Yaya ya kashe kamar yadda ya saba. Sai a ji ƙas, sai muryar Inna ta dawo a tsakiyar numfashi: "To, shi ke nan, Auta. Kada ka manta da abin da na faɗa maka."

Na yafe masa, Allah shaida ne, kuma ina roƙa masa rahama a kowace salla. Amma idan Allah ya haɗa mu a can, ya sani tun yanzu, a baya zai tsaya ya kama bakinsa, ni zan fara durƙusawa gaban Inna in ce ta maimaita.