Yadda Mashin Gidanmu Ya Tsallake Ɗana

Ku matso kusa, ku ara mini kunnuwanku. Wannan ba tatsuniya ba ce, a kaina ta faru, kuma ban fita da farar fuska a cikinta ba.

Gidanmu gidan mashi ne. Asalin abin daga gabas ya zo, daga bakin babban tafkin nan na ƙasar Barno. Wani masunci mai farautar dorina ne ya biyo kogi har ya yada zango a fadamar Hadejia. Shi ya koya wa ɗansa riƙon mashi da garkuwa a cikin ruwa. Ɗan bai bar namiji ba, sai ya koya wa agolansa. Agolan nan ne ya fitar da abin daga farauta ya kai shi faɗa, ya tsare mashigin ƙauyenmu a shekarun da mahara ke kwasar mutane a gona. Shi ya haifi kakana. Kakana ya ga ana rasa samari wajen koyo, sai ya ce a riƙa yi da gora, a naɗe bakinta da tsumma, a tsoma a farar ƙasa, duk inda ta taɓa mutum ta bar shaida. Daga kakana sai Baba. Kowa na iya koyo, amma mashin asali mutum ɗaya ake miƙa wa a kowane zamani.

Baba bai samu namiji ba. Mu biyu ne, ni da ƙanwata. Ni ce 'yar fari, saboda haka bakinsa bai taɓa kama sunana ba, sai dai "ke". Ita kuwa sunanta na bakinsa daga safe har yamma. Na san al'ada ce. Sanin bai hana ni jin zafi ba.

Tun ina ƙarama, idan ruwa ya cika fadama, nakan zauna a gaɓa wai ina wanke ƙwarya, alhali kallo nake. Mace ba ta shiga wurin. Maza suna tsaye cikin ruwa har gwiwa, Baba a tsakiyarsu. Na haddace komai: yadda ake karkata garkuwa gora ta zame, yadda ake nuna wuya a soki haƙarƙari. Ƙanwata ko leƙe ba ta taɓa yi ba.

Aka kai ni aure wani gari na tudu wajen Auyo, na haifi ɗa. Ita ma ta haifi nata, mijinta ya rasu, ta dawo gida. Sai ɗanta ya tashi a gindin Baba, yana ɗaukar masa garkuwa, yana cin ragowar tuwonsa. Duk wanda ya zo daga gida sai ya ba ni labarin yaron, ni kuwa in yi murmushin yaƙe.

Da ƙarfin Baba ya fara ja baya, na je na durƙusa a gabansa.

Na ce, "Baba, jikokinka biyu ne fa."

Ya ce, "Ke, na iya ƙirga biyu. Ɗayan ai ɗan tudu ne, ruwan buta ma tsoro yake ba shi."

Ƙanwata tana tsince shinkafa a gefe, ta ce, "Yaya, ki turo shi mana su koya tare. Ɗaki na nan."

Da ta yi mini gardama da ya fi mini sauƙi. Na ce na gode, ba zan ɗora mata nauyi ba. A raina kuwa cewa na yi, ɗana ba zai zama ɗan kallo a bayan nata ba. Baba ya ce to, kaka mai zuwa, idan an yanke shinkafa ruwa ya ja, a kawo shi a gwada su.

Na koma na ja ɗana bayan rumbu, a masussuka, ƙasa busasshiya tauri kamar dutse. Na yanko gora biyu. Duk abin da idona ya ɗauka a gaɓa na juye masa. Saurayi ne mai zafin nama, gemu ya fara tsiro masa. Kafin damina ta tsaya ya fi ƙarfina, yana tsalle nan, yana baya can, ba ka ganin shigarsa sai dai ka ji gora a jikinka. Ubansa ya ce, "Ke da kike da uba mai sana'a, me ya hana ki tura masa?" Na ce ya bar ni da abin gidanmu.

Ranar gwaji aka taru da hantsi. Ruwa ya ja, ya bar taɓo mai santsi, baƙi, ko tsuntsu bai taka ba. Mu mata muna gaɓa. Baba ya dubi ɗana ya ce, "Kai, ɗan tudu, in ka faɗi kada ka shanye mana fadama." Ɗana ya ce, "Tsoho, ka dai riƙe zanenka." Aka yi dariya.

Suka shiga. Wayyo, ku zo ku ga yaron nan. Ya zagaye ɗan'uwansa kamar iska, ya sa masa fari a kafaɗa, ya sa masa a cinya, ya ƙara a haƙarƙari. Shi kuwa ɗan ƙanwata yana nan wuri ɗaya kamar an dasa shi, sau ɗaya tak ya taɓa ɗana a ƙirji. Na juya na dubi ƙanwata don ta ga fuskata.

Baba bai dubi jikin kowa ba. Ya ce su fito ta gefe. Ya dogara sanda ya shiga, kansa a sunkuye, yana bin taɓon da ido. Inda ɗan ƙanwata ya tsaya rami biyu ne, sai jan ƙafa kaɗan. Inda ɗana ya bi kuwa kamar garken shanu ya sha ruwa a wurin.

Ya ce wa ɗana, "Hannun nan na gidanmu ne. Ƙafar fa, a ina ka samo ta?"

 Baba ya ɗago ya hango ni a gaɓa, ya daɗe yana kallona.

Ya ce, "Ke, abin da ke saman ruwa kika gani. Mai ɗaga ƙafa a ruwa har gwiwa, ɗagawar farko laka ta riƙe ɗaya, ta biyu yana kwance. Dorina ba ta jira ya tashi, mahari ma haka. Shi ya sa muke gwaji bayan ruwa ya ja, don ƙasa ta faɗi abin da ruwa ya ɓoye."

Shekara nawa ina kallo, ban taɓa tambayar kaina me ƙafafunsu ke yi ba. A nan ya aika aka ɗauko mashin, ya ɗora shi a hannun ɗan ƙanwata.

Baba ya ƙara damina biyu, Allah ya karɓi abinsa. Ɗan ƙanwata ya riƙe mashin, ya tara almajiran sana'a daga nan har Guri, yanzu shi ma furfura ta fito masa. Ɗana bai taɓa ɗora mini laifi ba. Da ƙafarsa ya je ya roƙi ɗan'uwansa ya koya masa tsayuwa, ya zauna a can yana bayansa har yau, kuma wannan ya fi rashin mashin ci mini rai. Ƙanwata ta rayu tana aiko mini da busasshen kifi duk kaka, ina karɓa ina godiya da baki. Da ta rasu ni na yi mata wanka. Ni kuwa ga ni. Na nemi gafarar Ubangiji ba sau ɗaya ba, amma idan na je ƙauyenmu aka ce yau ana wasan gora a fadama, sai in nemi aiki a cikin gida.