Tartsatsin Kawu Ɗanlami

Duk wanda ya taɓa gaisawa da Kawu Ɗanlami mai gyaran rediyo a Basirka, kafin ya sake miƙa masa hannu sai ya leƙa tafinsa. Ƙanen mahaifiyata ne, amma ni ma bai raga mini ba. Yakan tsinci matacciyar layita ta gas, ya zare ɗan maɗannin nan mai tartsatsi, ya ɓoye a hannu. Kana cewa "Ina kwana, Kawu?" sai ka ji ƙas!

Shi dai ba mugunta yake kiran abin ba, wai bincike ne. Ya rantse cewa ƙarfin wutar da ke cikin ɗan abin nan ya kai dubbai, ya ninka na lantarkin gida. Majalisar Idi mai shayi ta yi dariya har da buga benci.

"To me ya sa ba ta kashe ka ba?" in ji Idi.

"Ƙarfi gare ta, ba yawa ba!"

Tun ranar suka sa masa Mai Dubu. Yakan amsa da dariya, amma wallahi sunan yana ci masa rai. Burinsa mutum ɗaya ya ce masa gaskiyarsa ce.

Sai ya ƙirƙiro ma'auninsa, wato jikin jama'a. In ka ce "wash", layita ta gaji. In ka ce "wayyo", da sauranta. In ka yi salati, wannan ita ce lamba ɗaya.

Ma'aunin ya ci amanarsa ranar da surukinsa Jauro, mijin 'yarsa Hadiza, ya zo gaisuwa daga Farin Dutse. Jikan Fulani ne, ko wuta ce ta kama rigarsa ba zai motsa a gaban suruki ba. Kawu ya danna masa a kafaɗa sau uku. Jauro kansa a sunkuye, hawaye ya cika ido, yana ta "Lafiya lau, Baba."

"Kai, wannan ta mutu," in ji Kawu, ya ɗora a harshensa don ya tabbatar.

Salatin da ya yi har bakin titi aka ji, ga furar baƙo ta kife a tabarma!

Da Idi ya ishe shi da gori, sai ya ɗauko mitarsa ta auna wuta, wadda ko ƙuda ba ya bari ya sauka a kai. Ya jona a gaban kowa, ya danna. Lambobin suka yi walƙiya sau ɗaya, mita ta mutu murus.

"Ga shi nan, ba ta nuna komai ba," in ji Idi.

"Abin da ya kashe mita ne ba komai ba?"

Babu wanda ya saurare shi. Ya rasa mita, suna kuma ya ƙara zama.

Bara na ba wani abokin aikina labarin, malamin kimiyya a makarantar da nake koyarwa a Birnin Kudu, ina jira mu yi dariya tare. Bai yi ba. Ya kafa allura biyu baki da baki, ya jona musu maɗannin layita, ya riƙa nesanta su, yana auna da rula iya inda tartsatsin ke tsallakawa.

"Dubbai ne," ya ce. "Kawunka yana da gaskiya."

Kunya ta rufe ni, don ni ma da Mai Dubu nake kiransa a bayan ido. Na hau babur zuwa Basirka. Na tarar da shi kwance, ciwo ya cinye shi.

"Kawu, an auna. Gaskiyarka ce."

"Ai na sani. Kawo hannunka."

Ya laluba ƙarƙashin matashi, ya ɗora mini abin a tafi. Babban yatsansa ya kasa dannawa. Sai na yi tsalle, na rafka salati.

"Maƙaryaci, ban danna ba," ya ce, yana murmushi. "Je ka faɗa wa Idi."

Na faɗa masa a wurin zaman makoki, bayan kwana uku. Idi bai yi dariya ba.

Allah ya jiƙan Kawu Ɗanlami, ya haskaka kabarinsa, ya yafe mana dariyar da muka yi masa.